Tsohuwar bindigar soja mai araha a yadi 1000: gwaninta ce ko sa'a?

Bakano_Ohio
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga ni shiga harkar harbin bara. Ƙungiyar da nake zuwa filinta a nan ta shirya gasar tsofaffin bindigogi, kuma sharuɗɗanta su ne: bindigar ta zama ta soja wadda aka ƙera kafin 1950, kada kuɗin da ka saye ta ya wuce dala 500, babu madubin hangen nesa, sai saitin ƙarfen da ta zo da shi. Harsashi goma gare ka. Faifan ƙarfe mai faɗin inci 24 aka rataye a yadi 600. Wanda ya same shi sau biyar ya wuce zagaye na biyu, inda faifan inci 36 ke jiransa a yadi 1000.

Tawa Mosin-Nagant ce 91/30 ta sojan Rasha, ƙirar masana'antar Izhevsk ta 1943, dala 380 na saye ta. A yadi 100 harsasaina biyar suna taruwa cikin inci 4. A yadi 300 ina samun faifai sau bakwai cikin goma. Ranar Asabar na gwada yadi 600, na harba ashirin, ko ɗaya bai yi ƙara ba. Abin da ya fi damuna, ban ma ga inda suke faɗuwa ba, don ciyawa ce a bayan faifan. Shin bindigar ce ba za ta iya ba, ko ni ne? Su kuma masu ɗora bidiyo suna fasa galan ɗin madara a yadi 1000 da irin wannan bindiga, gaskiya ne?

Malam_Lissafi
Wa alaikumus salam. Kafin a tuhumi kowa, a ɗauko alƙalami. Bindigar da ke warwatsa harsashi inci 4 a yadi 100, a yadi 600 inci 24 za ta warwatsa, a yadi 1000 kuma inci 40. Wannan fa in babu iska, hannunka bai motsa ba, kuma kowane harsashi ya fita da gudu iri ɗaya, abin da ba ya faruwa. Kenan a yadi 600 warwatsuwarka daidai take da faɗin faifan, babu rarar ko inci ɗaya ta kuskure. A yadi 1000 ta riga ta fi faifan.

Galan ɗin madara kuwa faɗinsa wajen inci 6 ne. Wanda ya fasa shi da bindiga irin taka ya fasa, ban ƙaryata shi ba, amma ka tambaye shi harsashi nawa ya ƙona kafin wanda aka nuna maka. In ka yi ta watsa tsaba a tsakar gida, dole wata ƙwaya ta faɗa cikin ludayi.

MaharbinArizona
Bakano, ɗan'uwa, a lamba nawa ka ajiye saitin bayanka?

Bakano_Ohio
A kan 6 mana, tunda 600 ne.

MaharbinArizona
To ga ɓarawonka na farko. Lambobin saitin 91/30 mita ne, ba yadi ba. Yadi 600 mita 549 ne. Ka ɗaga wa harsashi fiye da yadda yake buƙata, kuma a wannan nisa bambancin ya kusa kamu guda. Sannan yawancin Mosin dama sama suke harbi. Haɗa biyun, ina kyautata zaton duk ashirin ɗin nan ta saman faifan suka wuce. Ka mayar da shi tsakanin 5 da 6, ko ma kan 5, ka sake gwadawa.

Na biyu, a Rasha da wuƙarta a maƙale a baki ake daidaita saitin wannan bindiga. In ka cire wuƙar, wasu sukan karkata gefe. A yadi 100 karkatar inci 3 ba ta da ban tsoro, amma ninka ta shida ka gani. Ka buga saitin gaba a hankali zuwa gefen da ya dace har sai tarin harsasanka ya zauna tsakiya cif a yadi 100 da 200, kafin ka sake ɓarnar harsashi a nesa.

BazazzagenIngila
Abin da ya fi tsaya min a labarinka, Malam Bakano, shi ne da ka ce ba ka ga inda suke faɗuwa ba. Wannan ba atisaye ba ne, harbin makaho ne. Ko bindigar dala dubu biyar aka ba ka haka za ka dawo.

Ina zuwa Bisley, a yankin Surrey, inda ƙungiyar harbi ta Birtaniya ta koma tun 1890 bayan ta bar Wimbledon. Filin nesa na can, Stickledown, yana kaiwa yadi 1200. Da Lee-Enfield No. 4, tsohuwar bindigar sojan Birtaniya, nake harbi a yadi 900 da 1000, da saitin ƙarfe, kuma ba ni kaɗai ba ne, dattawa masu shekara saba'in suna yi. Amma ka ga bambancin: allon da muke harbi faɗinsa ya kusa ƙafa 10, baƙin da'irar da ake aunawa ya kusa ƙafa 4. Akwai mutum a cikin rami ƙarƙashin allon, duk harbin da ka yi zai sauke allon, ya liƙa alama a inda harsashinka ya huda, ya sake ɗaga shi. Ko ka kauce ƙafa uku za ka ga kuskurenka da madubi, ka gyara. Ga tutoci jere a gefen fili suna gaya maka halin iska. Kai kuwa faifai kawai gare ka, in ka kuskure shi da inci ɗaya ko da mita biyar, duk shiru ɗaya za ka ji.

Shawarata: ka nemi izinin masu fili ka kafa babban kwali ko farin zane a bayan faifan, ko ka zo da wanda zai zauna bayanka da madubi mai ƙarfi. A rana mai ɗan laima, gwani yakan ga sawun harsashi yana tsaga iska kamar zare.

Bakatsine77
Da tsohuwar zuma ake magani. Simo Häyhä, gwanin maharbin nan na sojan Finlan, ai da Mosin ya yi suna a yaƙin hunturu na 1939 zuwa 1940, kuma ba ya sa madubi. Ku daina raina kayan da.

Malam_Lissafi
@Bakatsine77, sunan zuriya ɗaya ne, amma ba tarbiyya ɗaya ba. Tasa M/28-30 ce. Mutanen Finlan sun ɗauki gangar jikin Mosin suka sa mata sabon bututu mai kauri, sabon saiti, suka gyara kunama da zaman ƙarfe cikin ƙota. Ta Bakano kuwa a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙera ta, lokacin da masana'antar ke fitar da dubbai kullum cikin gaggawa. Kana iya ganin sawun injin a jikin irin waɗannan. Ba raini ba ne, an yi ta ne don ta yi aiki cikin laka da ƙanƙara a hannun manomin da aka ɗauka soja jiya.

ƊanMaradi_Lozan
Salamu alaikum. Ni a Suwizalan nake zaune, kuma ina cikin ƙungiyar harbi ta ƙauyenmu. In araha da daidaito kake nema a haɗe, K31 ta sojan Suwizalan ce amsar. An ƙera ta daga 1933 zuwa 1958, sakatarta ja da turawa ce kawai, babu murɗawa. Ƙasar ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba, kuma harsashinsu, GP11, ba ya cin bututu, shi ya sa za ka ga ƙotar duk ta sha duka amma cikin bututun yana walƙiya kamar sabo. Nan kusan kowane yanki yana da filin mita 300, da'irar maki goma faɗinta santimita 10 ce, kuma tsofaffi suna shiga cikinta da K31 da saitin ƙarfe.

Wani abu da ya taɓa zuciyata: da na kwance ƙarfen gindin ƙotar tawa, sai na tarar da 'yar takarda da sunan sojan da aka ba bindigar, da shekarar haihuwarsa da garinsu. Da yawa suna da ita. Na mayar da takardar inda na same ta. Tun ranar nake riƙe bindigar kamar amana.

Amma gaskiya ɗaya ce, mu mita 300 muka sani. Ban taɓa kai ta 1000 ba.

UmmuKhalil_Kalgari
Ni ta Suwidin nake yabo, M96, mai harsashi 6.5x55. Maigidana ne ya fara kai ni fili, yanzu na fi shi zuwa. Dalilina biyu. Dukan kafaɗarta da sauƙi. Mosin na harba sau goma na kwana ina shafa man zafi, kuma duk wanda bindiga ke duka, jikinsa zai fara ƙanƙancewa kafin ya ja kunama, shi bai ma sani ba. Malam Bakano, harbinka na sha biyar ba daidai yake da na farko ba, ka lura da wannan. Ka sa abokinka ya cusa maka harsashin wasa marar albarushi a cikin na gaske ba tare da ka san wurinsa ba. In ka ja kunama a kansa ka ga bakin bindiga ya dunkuya, ka kama kanka.

Na biyu, ƙwayar 6.5 doguwa ce siririya, iska ba ta ture ta kamar yadda take ture masu kauri. Sai dai saitinta daga mita 300 ya fara, don haka a kusa sama take harbi sosai. Akwai ɗan faifan tagulla a jikin ƙotar inda ma'aikatan rumbun makamai suke buga alamar lafiyar bututun. Ka duba shi kafin ka biya kuɗi, amma kada ka dogara da shi kaɗai, don an daɗe da buga shi.

GusauTaSambo
Ku yi haƙuri jama'a, zan faɗi abin da ke raina. Ina karanta wannan hira daga Gusau. A wurinmu ƙarar bindiga ba wasa ba ce. Ƙanen mahaifiyata ya bar gonarsa shekara uku ke nan saboda 'yan bindiga, yana zaune a ɗakin aro da 'ya'ya bakwai. Sai na shigo zauren Hausawa na tarar ana auna wace bindiga ta fi kai nesa. Ban ce kun yi laifi ba, amma abin ya yi min nauyi.

BazazzagenIngila
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Yaya. Maganarka tana kan hanya, kuma babu wanda zai ce ka yi shiru. Ni ma ina da dangi a Birnin Gwari. Abin da zan iya cewa kawai, abin da muke yi takarda da faifan ƙarfe muke harbi, a fili mai shinge da jami'in tsaro, ƙarƙashin dokar ƙasar da muke zaune. Kafin a ba ni lasisi a nan sai da na yi watanni ina ɗan gwaji a ƙungiya, 'yan sanda suka zo gidana suka duba akwatin ƙarfen da zan kulle ta, aka tuntuɓi likitana, mutum biyu suka tsaya min. Amma na san wannan bayani ba ya rage maka zafin abin da kuke ciki.

Mai_Unguwar_Zaure
A matsayina na mai kula da zaure: maganar GusauTaSambo ta zauna, kada wanda ya yi masa gardama. Kuma ina tunatar da na gida cewa dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigogin soja masu harsashi 7.62 da .303 cikin jerin haramtattu. Hirar nan ta wasan bara ce a ƙasashen da doka ta yarda. Duk wanda ya tambayi yadda zai samu bindiga a gida, ko ya kawo tallar makami, zan goge kuma in fitar da shi. A ci gaba.

TsohonSaje_Kaduna
'Ya'yana, ku bar tsoho ya sa baki. Wannan Lee-Enfield da Bazazzage yake magana, ita ce muke ce wa mak-fo. Da ita 'yan sanda suka daɗe suna gadi, kuma irinta iyayenmu suka riƙe a yaƙin Bama. Mahaifina yana cikin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sunayen barikokin nan da kuke ji, Myohaung da Arakan a Legas, Chindit a Zariya, duk daga can aka samo su. Ya rasu yana iya kwatanta yadda ake jan sakatarta da yatsa biyu ba tare da ka ɗauke kunci daga ƙota ba.

Abin da aka koya mana a filin harbi, kuma ban ga kun ambata ba, shi ne kwanciya. Ka kwanta, ka auna, ka rufe ido, ka ja numfashi biyu, ka buɗe. In saitin ya bar kan bara, to jikinka ba ya fuskantar wurin, ƙarfin dantse ne ke riƙe bindigar. Kada ka ja ta da hannu, ka gyara ƙugunka gaba ɗaya. Ƙashi ke ɗaukar bindiga, ba tsoka ba. Kuma idonka a kan saitin gaba yake tsayawa, bara ta yi dishi-dishi, ba komai. Yaro yakan ce zai kalli bara da kyau, nan yake faɗuwa.

Bakano_Ohio
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma, ya ji ƙan mahaifinka. Wannan maganar ta saitin gaba ta taɓo wata matsalata. A yadi 600 sandan saitin yana rufe faifan gaba ɗaya, har da rara hagu da dama. Ta yaya zan auna abin da ba na gani?

MaharbinArizona
Haka ne, a wannan nisa sandan Mosin yana rufe fiye da mita guda, faifanka kuwa santimita 61 ne. Kada ka rufe shi. Ka ɗora faifan a kan sandan, kamar tulu a kan gammo, da ɗan siririn haske tsakaninsu, sannan ka daidaita saitin baya yadda harsashi zai hau ya same shi a tsakiya. Ka shafa wa sandan baƙin hayaƙin ashana ko kyandir don kada rana ta sa shi ƙyalli, domin ƙyallin gefe ɗaya yana jan harbi gefe.

Sai ka duba kusoshi biyu da ke ɗaure ƙarfe da ƙota. Itacen da ya shekara tamanin ya bushe ya tsuke, sau da yawa za ka same su sun saki. Ni tawa da na ɗaure su, tarin ya sauko daga inci 5 zuwa 3, ban kashe ko sisi ba. Ka kuma leƙa bakin bututun da fitila. In sandar wanki ta cinye gefe ɗaya, ƙwaya za ta fita a karkace.

Bakatsine77
Ni fa har yanzu ina kan bakana. A 1874, a Creedmoor kusa da birnin New York, 'yan Ailan da 'yan Amurka sun kara a yadi 800, 900 da 1000, da baƙin albarushi da saitin ƙarfe. Amurka ta ci da maki 934, Ailan 931. 'Yan Ailan ma ta baki suke ɗura tasu. In an yi haka shekara 150 da suka wuce, me zai hana bindigar 1943?

Malam_Lissafi
Wannan misalin ya fi na farko, na karɓa. Ya nuna cewa ido da saitin ƙarfe suna iya yadi 1000. Amma waɗancan bindigogin, Rigby da Sharps da Remington, su ne mafi tsada a zamaninsu, don gasa aka ƙera su, kuma kowane harbi sai an auna albarushinsa. Tambayar Bakano a kan mai araha ce. Tsufa daban, araha daban.

Bari in ƙara abin da ke jiransa bayan 600. Ƙwayar rarar harsashin soja na Mosin mai nauyin giram 9.6 tana fita da gudun wajen mita 860 a daƙiƙa. Kafin ta kai yadi 1000 gudunta ya sauko kusa da gudun sauti, mita 340 a daƙiƙa, kuma a wannan gaɓar wasu ƙwayoyin sukan fara rawa, lissafin ninkawa da na yi a sama ya daina aiki. Tana kusan daƙiƙa biyu a sama, tana faɗuwa fiye da mita 10 daga layin bututu. Iska mai gudun mil 10 a awa daga gefe za ta ture ta kusan mita uku. Kuskuren mil 2 kawai wajen karanta iska ya isa ya fitar da kai daga faifan inci 36.

BazazzagenIngila
Lissafin Malam daidai ne, amma akwai abin da alƙalami bai kama ba. Tsofaffin 'yan Bisley sun daɗe suna cewa Lee-Enfield tana gyara kanta a nesa: bututun yana lanƙwasa yayin harbi, ƙwayar da ta fito a sanyaye tana barin baki lokacin da ya ɗan ƙara ɗagawa, sai ta haɗu da mai sauri a wajen yadi 900. Shi ya sa wasunsu suke ajiye No. 4 musamman don dogon zango. Na ga ranar da tarin harsasaina a 900 ya fi abin da lissafin yadi 100 ya yi min alkawari. Na kuma ga ranar da kawalwalniya ta sa allon yana rawa kamar a cikin ruwa, na rasa shi sau huɗu a jere.

Ga masu Lee-Enfield mai harsashi .303: in maƙogwaron bututun ya ci wuta saboda tsohon albarushin kodayit, ku gwada ƙwaya mai shafaffen gindi. Masu tsukakken gindi sukan shiga takarda a kaikaice a irin wannan bututu.

AbuHafsa_Hustan
Tambaya a gefe, Malam Bakano. Kuɗi kuke zubawa wanda ya ci ya kwashe? Malamai sun halatta kyauta a gasar harbi da tseren dawaki da raƙuma, amma an fi samun natsuwa in wani ne daga waje ya sa kyautar. A kula kada wasa ya koma caca.

Bakano_Ohio
Allah ya saka da alheri da tunatarwa. Dala 20 ake biya ta gyaran fili da fentin faifai. Wanda ya ci allon katako ake ba shi da sunansa a jiki, babu kuɗi.

Kanawa_Dabo_Dalas
Ni abin da ke ci min rai shi ne kalmar araha ɗin nan. Wajen 2010 na sayi Mosin ƙasa da dala 100, ana tara su cikin akwati kamar rake, gwangwanin harsashi 440 shi ma bai kai dala 100 ba. Yau kai ka biya 380. Tun da Amurka ta hana shigo da harsashin Rasha a 2021 abin ya ƙara tsada, GP11 da ƊanMaradi ke yabo kuwa a nan sai an tona. Da kuɗin da za ka kashe a tsohuwa da harsashinta, akwai sabuwar bindigar farauta ta talaka da za ta tara maka inci ɗaya a yadi 100 daga cikin kwali. To ina arahar?

UmmuKhalil_Kalgari
Gaskiya ne Alhaji, amma wanda ya shiga irin wannan gasa ba inci ɗaya ya je nema ba. Da sabuwa da madubi da na'urar lissafi a waya, na ga wanda ya fara harbi da safe ya sami faifai a mita 800 kafin azahar. Da M96 sai da na yi bazara biyu kafin na sami na mita 600 sau uku a jere, kuma a cikin bazara biyun nan ne na koyi kallon ciyawa da tuta. Ina da littafin da nake rubuta kowane harbi: zafin rana, inda iska ta fito, lambar saiti, inda ya faɗa. Shi ne abin da na fi ji da shi, fiye da bindigar.

TsohonSaje_Kaduna
'Yata ta faɗi gaskiya a kan littafi. Bakano, abu biyu kada ka yi wasa da su. Tsohuwar bindiga a kai wa mai gyara ya auna zaman harsashi da sakata kafin a yi ta harbi da ita. Tsohon harsashi kuma, in ka ja kunama ka ji shiru, kada ka buɗe. Bar bakin yana kallon bara, ka ƙirga sittin. Wani yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Na ga wanda ya yi gaggawar buɗewa, Allah ya kiyaye idonsa amma hannun bai koma daidai ba. Kuma ka toshe kunne. Ni na hagu ya tafi tun ina da shekara arba'in.

MaharbinArizona
Ƙari a kan maganar Baba: rarar harsashin soja na Mosin yana barin gishiri a bututu, gishirin yana jawo laima, kwana ɗaya ya isa tsatsa ta kama. Mai kaɗai ba ya narkar da shi. Ruwan zafi za ka zuba ta baya ya fita ta baki, ka busar, sannan ka shafa mai, a ranar da ka yi harbin. Don gasar kuma ka sayi kwali biyu ko uku na sabon harsashi iri daban-daban, irin na Prvi Partizan na Sabiya mai nauyin ƙwaya, ka ga wanda bututunka ya fi so. Faɗin cikin bututun Mosin ba ɗaya ba ne daga wannan zuwa waccan.

Bakano_Ohio
Jama'a na dawo da labari. Jiya na koma. Kusoshin nan biyu duk sun saki, na baya har rabin murɗi ya ci. Masu fili sun bar ni na kafa kwali mai ƙafa 6 a bayan faifan, wani dattijo ɗan ƙungiya ya zauna min da madubinsa. Harbin farko da saiti a kan 6 ko kwalin bai taɓa ba, ya ce ya ga ya wuce ta sama, kamar yadda MaharbinArizona ya faɗa. Na sauko kan 5, na ɗora tulu a kan gammo. Ya huda kwali ƙafa biyu dama. Na gyara. A goman ƙarshe na ji ƙarar ƙarfe sau uku. Wallahi ƙarar takan ɗan jima kafin ta iso kunne, wannan jiran ba zan manta da shi ba. Sauran bakwai duk suna kan kwali, biyar a dama, lokacin da iska ta ƙaru ban lura ba.

Yaya GusauTaSambo, maganarka ba ta bar raina ba. Na yi muku addu'a a sallar asuba, kuma zan ci gaba.

Saura mako uku gasar, biyar nake nema.

Malam_Lissafi
Madalla. Uku cikin goma da sauran a kan kwali, wannan ba sa'a ba ce, na yarda. Biyar a 600 tana yiwuwa in iska ta yi maka adalci. A kan 1000 ban sauya ra'ayi ba.

Bakatsine77
Ni kuma na ce zai ji ƙarar ƙarfe a 1000 ko sau ɗaya ne. Bakano, ka riƙe mana lissafin harsashi nawa ka harba kafin nan, don Malam ya samu abin ninkawa.

GusauTaSambo
Amin, na gode ɗan'uwa. Allah ya ba ka sa'a.

BazazzagenIngila
Biyar ɗin da suka tafi dama, a jere suka zo ko a warwatse cikin goman? In a jere ne iska ce. In a warwatse ne, ina zargin yatsanka yana jan kunama gefe, don kunamar Mosin doguwa ce mai nauyi. Ka duba littafinka ka gaya mana, kuma ka faɗi wane harsashi ka yi amfani da shi jiya.